Ba a Rakiya a Ɗakin Littattafai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Inoussa, jagoran iyayen yaran lakkol ɗinmu, wannan makaranta tamu ta boko. Wakilin mai martaba Sarkin Abzin. Wakilin hukuma, wanda ya baro biro, wato ofishinsa, ya zo ya zauna kan tabarma tare da mu. Limamanmu da malamanmu, waɗanda a hannunsu muka fara sanin baƙi. Abokan aikina malaman lakkol. Ƴan kasuwa da maƙera da dukawa, da masu lambu da suka bar rijiya suka zo. Iyayenmu mata da ke can inuwar katanga. Da ku yara da aka ce ku yi shiru, kuna kuwa iya ƙoƙarinku: ina gaishe ku gaba ɗaya, ina yi muku sannu da zuwa, ina yi muku sannu da zama cikin wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya, Ya kuma nuna mana zamanin da tutarmu ke tashi a ƙofar wannan lakkol, ɗan Agadas yana karantar da ƴaƴan Agadas. Ina gode wa waɗanda suka share fili, da waɗanda suka kawo tabarmi, da waɗanda tun azahar suke fama da gawayi don kada shayi ya yanke. Ina gode wa Alhaji Inoussa da ya ce in tashi in yi muku bayanin abin da ake yi a jami'a, don ya gaji da jin ana cewa yaranmu suna zuwa can ne su koyi cin abinci da cokali.

Kafin in shiga bayanin, bari in taɓa abin da kowa ke raɗawa tun da aka zauna. An kira wannan taron sallama, amma ba a faɗi wanda za a sallama ba, don shi kansa Alhaji bai sani ba. Mu biyu ne a wurin Inna Habsatu, ni Alkasum da ƙanena Yahaya, ga shi can ya sunkuyar da kai. Bana Yahaya ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, a lise ta Yamai, hukuma ta ba shi burs, wato kuɗin karatu, ya je Dakar ya koyi aikin lokotoro, mai duba marasa lafiya. Bana kuma aka maido mini da tawa burs ɗin, wadda na bari tun rasuwar Baba, aka ce in koma can in ƙarasa. Idon Inna ya tafi, ba mu da ƴar'uwa, ba mu da kawu a garin nan. Ɗaya zai hau kamyo, babbar motar nan, ranar Alhamis, ɗaya zai zauna, kuma an gaya mana a fili cewa wanda ya zauna ba za a riƙe masa gurbi ba. Inna ta ce ba za ta zaɓa tsakanin ƴaƴanta ba. Yahaya ya faɗi ra'ayinsa a gida. Ni ne ban faɗi nawa ba, kuma ba zan koma kan tabarma yau ba sai na faɗe shi a gabanku.

To, jama'a, zuciyar jami'a ba ɗakin da malami ke magana ba ne. Zuciyarta wani ɗaki ne da ake ce wa bibliyotek, wato ɗakin littattafai, inda ɗalibi ke zuwa ya nemi amsar tambayarsa da kansa. Wannan neman shi ake kira bincike. Zan faɗi yadda ake fara shi, don wanda zai tafi, ko wane ne a cikinmu, da yaran nan da za su bi baya in Allah Ya yarda.

Abu na farko: ka faɗi abin da ya kawo ka tun daga bakin ƙofa.

Ranar da na fara zuwa, na tuɓe takalmana a waje, mai gadi ya yi mini nuni in mayar. Na shiga na yi sallama da ƙarfi yadda aka koya mana, sai kawuna suka ɗago gaba ɗaya, ba wanda ya amsa, suka sake sunkuyawa. Ban taɓa ganin littattafai haka ba, daga ƙasa har rufi, ga wasu can ciki bayan wata ƙofa inda ba a barin ɗalibi ya shiga. A gaban ƙofar akwai wata mata mai tabarau, ita ke miƙo wa mutane abin da suka nema. Ta dube ni ta ce, "Vous désirez, monsieur?" Wato me kake so. Ni kuwa ɗan gidan mutunci, na ce mata, "Rien, madame, je suis venu saluer." Ba komai, gaisuwa na zo yi. Ta ce ta gode, ta koma kan aikinta.

Ina jin kuna dariya, amma ku gaya mini, wa zai yi dabam a cikinku? Alhaji Inoussa, in na zo gidanka aron raƙumi, zan faɗa tun daga zaure? Zan zauna, mu gaisa, mu tambayi gida da gajiya da zafi, mu sha shayi na fari da na biyu da na uku. Ka tambaye ni ko lafiya, in ce lafiya lau, gaisuwa ce. Sai na tashi, ka rako ni har bakin hanya, sannan in ce, af, na kusa mantawa. A wurin rakiya muke faɗin buƙata, haka muka taso muka gani. Ballantana littafi, wanda ko a gidan malaminka ba ka kai hannu gare shi sai shi ya miƙo maka. Don haka na sami kujera na zauna, na naɗe hannu har aka tashi. Na miƙe a hankali, na nufi ƙofa ina jan ƙafa, ina waiwaye. Ba wanda ya rako ni. Kashegari na dawo na gaishe ta, na zauna, na tashi, na ja ƙafa. Haka na yi ta yi har watan da na zo a cikinsa ya mutu, wani ya tsaya.

Da abin ya ishe ni, sai na ce lalle laifina ne, na zo gidan mutane hannu biyu. Na kwance guzurin da Inna ta yi mini, na zaɓi cuku mai kyau, na kai na ajiye a gaban matar nan. Ta ɗauka ta juya, ta sansana, ta rasa abin yi da shi. Can sai na ji murya a bayana, da Hausa tsantsa: "Kai! Wane Ba'abzine ne ya kawo cuku Dakar?" Wani ɗalibi ne, Chaibou, ɗan Damagaram, yana karatun shari'a. Jama'a, tun da na sauka garin ban ji wani ya yi mini Hausa ba. Ban san lokacin da idona ya cika ba. Ya ja ni waje, na ba shi labari, ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Ɗan Agadas, nan ba a rakiya. In ka jira a raka ka, za ka tsufa a kan kujerar nan." Cukun kuwa shi ya cinye, bai ko rage mini ba.

Abu na biyu: ka shiga da tambaya, kuma ta kasance ƙarama.

Malaminmu na ilimin ƙasa, wani tsohon Bafaranshe mai yawan tari, ya tambaye ni abin da nake son bincikawa. Na ce ruwa. Ya ce, "Ruwan duniya duka? Ga teku nan bayan ɗakinmu, je ka fara." Ya yi ta matsa mini, wane ruwa, na ina, na wane lokaci, har na faɗi abin da ke raina tun ina yaro. Kun san ranar da aka yi ruwa a kan duwatsu, ƙoramar Telwa ta sauko. Kun san yadda gari ke fashewa, mai awo ya bar awo, mai jima ya bar fata, kowa ya ruga ya ga ruwa yana gudu ja wur, yana ɗauke da itace. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai ka koma ka iske rairayi. Ina ruwan nan yake tafiya? Nawa ne ke kwanciya a ƙarƙashinmu, yana jiran guga? Me ya sa rijiyar wannan lambu ke riƙe ruwa har bazara, ta maƙwabcinsa ta ƙafe? Tsohon ya ce, "Yanzu ka yi tambaya."

Da tambayar a hannu Chaibou ya kai ni gaban wani dogon akwatin katako mai ƙananan aljihuna, suna ce masa fishiye. Kowane littafi da ke gidan yana da ƴar takardarsa mai kauri a ciki. Ɓangare ɗaya an jera su bisa sunan wanda ya rubuta, ɗaya ɓangaren bisa abin da littafin ke magana a kai. Ka ja aljihu, ka bi da yatsa, ka sami wanda kake so, ka kwafi lambarsa, ka miƙa wa matar nan, ta shiga ciki ta fito da shi. Shi ke nan. Abin da na yi wata ina jira, ashe bai kai tsawon dafa shayi ba. Ranar da ta fara miƙo mini littafi, na karɓa da hannu biyu, na rusuna, ita ma ta yi murmushi.

Abu na uku, kuma shi ne ya fi ci mini lokaci: mai bincike ba ya sauke littafi.

Malamanmu, ku gafarce ni, ku saurare ni har in kai ƙarshe. A wurinku muka koyi cewa littafi ana fara shi daga bismilla, a bi shi layi layi, ba a tsallake, ba a buɗe wani sai an sauke wannan. Wannan hanya ce mai albarka, ita ta riƙe mana addini, kuma da ita zan karantar da ƴaƴana. Amma wancan karatu ne na riƙewa, wannan na nema ne. Littafin da aka fara ba ni ƙato ne, yana magana a kan Sahara gaba ɗayanta. Na buɗe shafin farko, na iske ana zancen duwatsun Maroko. Na bi. Aka koma rairayin Aljeriya. Na bi. Ina kwafa, ina haddacewa, damina ta wuce a can, sanyi ya shigo, ban iso Abzin ba.

Chaibou ya leƙo ya ga inda nake, ya kama baki. Ya juya littafin ta baya, ya nuna mini jerin sunaye da ke ƙarshe, abin da suke ce wa andeks, kowane suna da shafin da aka ambace shi. Ya sa yatsa a kan Agadas ya ce, "Buɗe nan, ka karanta naka, ka mayar musu da abinsu." Na ce masa, "Haba Chaibou, dattijo yana magana, in katse shi in ce ya tsallake zuwa inda ya ambaci gidanmu, in na ji kuma in kaɗe riga in tashi?" Ya ce, "Wannan dattijon ba ya fushi. Akwai dubunsa a ciki suna jiran ka." Na yi kunnen ƙashi. Na sauke littafin nan har shafin ƙarshe, na karɓi na biyu, shi ma na fara daga farko. Sai da na ga abokan karatuna sun yi nisa, kowa ya tara abin rubutawa, ni ina nan da ilimin Maroko, sannan na sauko.

Da na sauko, jama'a, sai ƙofa ta buɗe. Wannan littafi ya ambaci wancan, wancan ya tura ni ga wani, ina ɗiba nan ina ɗiba can. Ban taɓa jin daɗin karatu kamar na waɗannan makonni ba. Har na kai ga wani rahoto na masu auna ƙasa, da taswira a naɗe a cikinsa. Na warware ta, sai ga Telwa an zana ta da shuɗin layi, tana saukowa daga duwatsu, ga ɗigo ɗigo na rijiyoyi a gefenta, ga garinmu ɗan mitsitsi. Na ɗora yatsana a kai na daɗe ban ɗauke ba. Ban kai ga karanta rabinsa ba aka bugo waya daga gida, Baba ba lafiya, in zo. Na iso na tarar har an yi sadakar bakwai. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da naku.

Abu na huɗu gajere ne, don mu mun riga su saninsa. Duk abin da ka ɗauka a littafi, ka rubuta sunan mai shi da shafin da ka samo shi, tun a lokacin, kada ka ce sai anjima. Malamanmu ba sa faɗin magana sai sun ce daga wa suka ji ta, shi kuma daga wa. A can ma haka ne, kuma wanda ya ɗauki maganar wani ya ce tasa ce, ɓarawo suke kiransa.

Abu na biyar ba ya cikin abin da ake koyarwa, amma wanda bai shirya masa ba, shi zai kayar da shi. Kewa ce. A Dakar iska tana da laima, riga ba ta bushewa, kullum shinkafa da kifi. Za ka nemi dabinon Bilma ka rasa, za ka tuna rumman na Timia har bakinka ya kawo ruwa. Za ka ɗaga kai da yamma kana neman hasumiyar masallacinmu, sai ka ga jiragen ruwa. Za ka ji wata mata ta kira ɗanta a hanya, ka juya da sauri, ka san ba Inna ba ce, amma ka juya. Na sha zama a ɗakin nan, littafi a buɗe, idona a kai, zuciyata tana zaurenmu. Na yi ta roƙon Allah Ya maido ni gida.

Ya kuwa maido ni. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, kewar tana da fuska biyu. Shekarun nan da nake tsaye a gaban ƴaƴanku, ba ranar da ban tuna ɗakin nan ba. In yara suka sunkuya suna rubutu, aji ya yi tsit, sai in ji ƙamshin tsohuwar takarda, in ji ƙarar aljihun katako ana jan sa. In Telwa ta sauko, kowa yana murna, ni ina tsaye a bakinta da tambayar da ban amsa ba. Ina son wurin nan, jama'a. Ina son sa yadda mutum ke son garin da aka haife shi, ba na kuma jin kunyar faɗa. Ranar da aka ce an maido mini da burs, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, na fito na fara ɗaura kaya.

To, ga abin da Yahaya ya ce da ni a gaban Inna. Ya ce, "Yaya, kai ne babba, kai ka fara. Ni zan zauna da Inna, in nemi aiki a biro. Ka je ka gama." Ya faɗa da murya a tsaye, fuska a sake, har na kusa yarda. Amma ni na goye shi, na san shi. Tun ranar bai sake cin abincin kirki ba. Yaron da ba ya wuce mara lafiya a hanya sai ya tsaya ya yi tambaya, yanzu in zai je kasuwa sai ya zagaya ta bayan gari don kada ya bi ta ƙofar likita. Inna ba ta gani, amma tana ji. Ta kira ni ta ce, "Alkasum, ban ce maka komai ba, amma ƙanenka ya daina waƙa in yana ɗiban ruwa."

Na auna, na sake aunawa. Ni na ga ɗakin, na zauna a cikinsa, na san daɗinsa. Shi bai taɓa gani ba. Ni in na zauna, ina da aji, ina da yaran nan da ke jiran in kai su ga jarrabawa. Shi in ya zauna, ba shi da komai sai biyayyar da ya yi mini. Tambayata ta ruwa za ta iya jiran wani, ko cikin yaran nan da ke zaune; matan da ke mutuwa wurin haihuwa tsakanin nan da Dirkou ba za su iya jira ba. Girman da Allah Ya ba ni a kansa ba don in riga shi cin rabo ba ne.

Yahaya, ɗago kanka ka dube ni. Kai za ka tafi.

Kada ka buɗe baki, na san abin da za ka ce, kuma a gaban iyayen nan ba za ka musa wa yayanka ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce abin bai yi mini zafi ba. Ya yi, yana kan yi, wataƙila ba zai daina ba. Jama'a, ina roƙon ku alfarma guda: kada kowa ya zo gida yi mini jaje, kada kowa ya zo yaba mini. In kun gan ni ranar Alhamis na yi shiru a tashar kamyo, ku ƙyale ni da shiruna. Kai kuma, Yahaya, akwatin yana ɗaure, naka ne. Akwai rigar sanyi a ciki, wadda na ɗinka a can saboda iskar teku. Ka fi ni gajarta, kowa ya sani, don haka jiya na kai ta wurin maɗinki ya rage hannuwan. Ya ce zai ninke su ciki ko wata rana a buƙaci tsawon. Na ce ya yanke. Ya yanke a gabana, ko na so in sa ta yanzu ba za ta yi mini ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a hanyar Tawa da ta Yamai da ta sama, Ya buɗe maka abin da ka je nema, Ya maido mana da kai Inna tana da rai ta shafa fuskarka. Allah Ya ba Inna haƙuri da lafiya, Ya ba ni ikon riƙe ta yadda ta riƙe mu. Allah Ya saka wa malamanmu, Ya yi wa yaran nan albarka, Ya nuna musu ranar da ƙasarmu za ta gina nata ɗakin littattafan, su je su dawo ba tare da sun ƙetare ƙasashe ba. Allah Ya ba shugabanninmu adalci, Ya ba Nijar zaman lafiya, Ya saukar mana da damina mai albarka. Wanda ya zo daga nesa Allah Ya mai da shi gida lafiya, wanda ya zo daga kusa Allah Ya huce masa gajiya.

Inna, ki yafe mini ban gaya miki a gida ba. Da na faɗa a can, da ya roƙe ni, da kuwa na karaya.

Na gode.